Babur Mai Ƙugiyar Cokali

Kwana huɗu ke nan da Baba ya kori Injiniya daga ƙofar gida, kuma a kwana huɗun nan 'yarsa Auta ba ta sa wa cikinta abin kirki ba. Makarantar da take koyarwa ma gangar jiki kawai take kaiwa. Sai ta rubuta abu a allo, ta juyo ta rasa me ta rubuta.

Abin da ya fi cin ranta shi ne babu wanda ya yi laifi da gangan. Da rashin kunya aka yi, da an ba da haƙuri. Da rashin sana'a ne, da an ce a jira. Amma Injiniya yana da garejinsa, yana da hankalinsa, Baba da bakinsa ya ce ya turo manyansa ƙarshen wata. Babur ne ya wargaza komai.

Shi Injiniya ba wani injiniya ba ne, bakanike ne, abokan aiki suka laƙaba masa sunan don tsokana har ya bi shi. Sana'arsa ita ce ya sayi gangar jikin tsofaffin ƙananan babura a wurin 'yan gwangwan, ya kankare tsatsa, ya zuba sabon inji, ya mayar musu da kamanninsu na da. Fitila zagayayya, kujerar fata ruwan ƙasa, ɗan dunƙulallen tanki, madubai biyu masu ƙyalli. Ma'aikatan ofis rububinsu suke yi, don ga rashin shan mai, ga kutsawa cikin cunkoso, ga kuma kowa ya waiwayo ya kalle ka.

Wata biyar ya yi yana haɗa guda ɗaya a ɓoye, mai fenti ruwan madara, saboda Auta mota biyu take shiga kafin ta kai makaranta. Ranar da ya gama, farin ciki ya hana shi haƙuri. Ya hawo shi da rana tsaka ya kawo ƙofar gidansu.

“Malama, fito ki ga dokinki,” in ji shi. “Daga an ɗaura, kin gama tsayuwa a bakin titi.”

Dariyar Auta ce ta fito da Umma. Ta leƙo tana gyara mayafi, tana sa albarka, tana cewa kai, wannan abu kamar a lashe. Ta zagaya shi, ta shafa kujerar, ta kai hannu ƙarƙashin kan babur ɗin. Sai hannun ya tsaya cak.

Wata 'yar ƙugiya ce a wurin, wadda aka lanƙwasa daga mariƙin cokali, mai zanen fure a jiki. Injiniya ya tarar da ita a maƙale tun a wurin 'yan gwangwan. Ta ba shi sha'awa, ya goge ta har tana sheƙi, ya bar ta.

“Cokalina ne,” Umma ta faɗa a hankali. “Ɗana ne ya yanke shi, ya kai aka yi masa walda, don ya riƙa rataya kular abincin da nake zuba masa.”

Daga haka ta sulale ƙasa.

Shekara shida ke nan da rasuwar Yaya, ɗan farin Umma, kuma namijin da Allah ya ba ta shi kaɗai. A kan babur ɗinsa ya shige ƙarƙashin babbar mota a shatale-tale, yana hanyar zuwa aiki. Tun daga ranar hawan jini ya kama Umma, kuma ba ta taɓa wuce babbar mota ba tare da ta kawar da kai ba. Baba ya ce mata ya sayar da babur ɗin an narkar da shi. Ashe yana nan jibge cikin tarkace, har ya faɗo hannun wanda zai auri ƙanwar mai shi.

Baba ya fito daga ɗakinsa na gyaran agogo da ɗan gilashin aiki a goshi. Bai je kan matarsa ba. Bai ko kalli ƙugiyar ba. Durƙusawa ya yi ya daɗe yana leƙen ƙafar baya ta babur ɗin, sannan ya miƙe.

“Ɗauke shi,” ya ce wa Injiniya. “Kada in sake ganin ƙafarka a nan. Maganar aure kuma na janye.”

Auta ta ɗauka zafin rai ne, zai huce. Abin mamaki, wadda ta faɗi ita ce ta fara sauka. A kwana na uku Umma ta tashi zaune, ta sha magani, ta ce yaron nan fa bai sani ba, mene ne laifinsa? Shi kuwa Baba kamar ana ƙara masa wuta. Ko sunan Injiniya aka ambata sai ya tashi ya shige ɗaki ya banko ƙofa.

Gwaggo, yayar Baba, ta samu abin da take nema. Da ma ita tun farko Mai Kemis take so, ɗan ƙawarta, wanda ya shekara biyu yana aiko wa Umma maganin hawan jini da gaisuwa mai tsawo. A safiyar kwana na huɗu ta tare Auta a tsakar gida.

“Ke dai ba ki da tausayi. Mutum ya kwaso miki gawar ɗan'uwanki ya yi mata fenti ya kawo ƙofar gida, kina nan kina yi masa kuka?”

“Gwaggo, bai sani ba.”

“To ya sani yanzu. Ga mutum mai mota, mai tsabta, hannunsa ba baƙin mai. Me aka yi aka yi mai kwanciya ƙarƙashin ƙarfe?”

Auta ta ɗauki jaka kamar mai tafiya makaranta, ta shiga motar da ke bi ta layin masu gareji.

*

Ta same shi zaune a kan tsohuwar taya, babu sifana a hannunsa, babu rediyon da kullum ke ɓaɓatu. Babur ɗin yana can ƙurya an lulluɓe shi da tamfol. Ya rame, ƙasumba ta fito masa. Da ya gan ta ya miƙe, amma bai yi murmushi ba.

“Malama, bai kamata ki zo ba.”

“Na kira ka ya fi sau talatin.”

“Na gani.”

“Ka gani.” Ta ajiye jakar a kan teburin aiki. “To ga albishir. Umma ta sauko. Ta ce ba ka da laifi. Saura Baba, shi ma in ka samu manya suka je masa, zai haƙura. Ka sayar da babur ɗin, ko ka farfasa shi, ni ƙafata ta ishe ni.”

Ya sunkuyar da kai yana murza yatsunsa da tsumma, alhali babu abin da ke jikinsu.

“Ki yi haƙuri. Na haƙura da auren.”

Ta ɗauka ba ta ji daidai ba. Ta matso.

“Me ka ce?”

“Na ce na janye. Ki bi abin da Baba ya ce.”

“Shekara uku,” ta ce. “Shekara uku ina korar mutane saboda kai. Gwaggo ta zage ni, ƙawaye sun yi mini dariya, na ce na ji na gani. Yau tsawa ɗaya aka yi maka, ka zubar da ni? Dube ni mana. Ni ce fa.”

“Wallahi ba tsawa ba ce.”

“To mece ce? Wata ka samu?”

“Kin san babu.”

“To faɗa mini. Ko kare aka kora ana ce masa tafi. Ni ka gaya mini laifina.”

Hawaye suka cika masa ido. Ya juya mata baya ya dafa bango.

“Na yi alkawari, Malama. Kada ki sa in karya.”

“Wa ka yi wa?”

Kukan da take dannewa tun safe ya ƙwace mata. Ta zauna a kan benci ta kifa kai, ta yi mai isarta, shi kuma yana tsaye kamar an dasa shi. Can ta ɗago tana neman abin share fuska, idonta ya sauka a kan shiryayyun gwangwanayen da ke saman kanta.

Ta san ɗabi'arsa. Duk babur ɗin da ya gyara, ba ya zubar da abin da ya cire. Sai ya tara su a gwangwanin madara, ya rubuta lamba a jiki, in mai babur ya zo ya nuna masa, ga abin da na tarar, ga abin da na sauya. Ta sha tsokanarsa da cewa ko likita bai kai shi ajiyar tarihin majinyaci ba. Gwangwani na ƙarshe a layin babu lamba a jikinsa. Harafin farko na sunanta ne, da farin fenti.

Ta miƙe ta sauko da shi.

“Malama, ajiye wannan.”

Yadda ya faɗa da sauri ne ya sa ta buɗe. Tsofaffin notuna, fasasshen gilashin fitila, wayoyi da suka ƙone. A tsaye a gefe kuma wata siririyar sandar ƙarfe, a karye gida biyu. An taɓa haɗa karayar, don ga ragowar ɗaurin nan a jiki, ya zame gefe guda. Siririyar waya ce ruwan tagulla, an naɗa ta zagaye bayan zagaye, a jere, babu wanda ya hau kan wani, an ɗiga dalma a bakin don kada ta warware.

Babu bakaniken da ke irin wannan aiki. Auta ta tashi tana ganin wannan naɗin a hannun buta, a ƙafar gilashin Umma, a marfin tukunya. Duk abin da ya karye a gidansu ba a kai shi ko'ina. Baba yakan ce wanda ya iya cikin agogo, mene ne zai gagare shi?

“Wannan mene ne a jikin babur?” ta tambaya.

Ya kawar da kai.

“Don girman Allah.”

“Sandar birkin baya ce.” Ya nuna karayar da yatsa. “In ta karye ba a ɗaure ta. Sauyawa ake yi. Ɗauri zai riƙe in ana tafiya a hankali. Ranar da aka taka da ƙarfi, sai ya zame.”

Ta koma kan bencin da sandar a hannu. Sai yanzu ta gane abin da Baba ya durƙusa yana leƙe.

“Ya zo nan,” ta ce.

“Washegari da sassafe. Ni ban san aikin wane ne ba, na dai ajiye kamar yadda na saba. Ya ce in nuna masa abin da na cire. Da ya gani, a nan ƙasa ya zauna, cikin baƙin mai, da fararen kayansa.” Injiniya ya share ido da bayan hannu. “Ya ce ranar Yaya ya so ya kai wa bakanike, shi ya hana. Ya ce masa kawo, minti goma ne, zai kai ka ya dawo da kai. Shekara shida bai faɗa wa kowa ba. Umma tana ta Allah ya isa ga direba, yana zaune yana ji.”

“Shi ne ya ce ka rabu da ni.”

“Bai ba ni umarni ba. Roƙona ya yi. Dattijo kamar Baba ya riƙe mini ƙafa. Ya ce ba zai iya haɗa ido da ni a matsayin suruki ba. Ya ce miji ba ya ɓoye wa matarsa abu har abada, 'ya kuma ba ta ɓoye wa uwarta. In Umma ta ji, ko dai zuciyarta ta buga, ko ta rayu tana kallonsa a matsayin wanda ya kashe mata ɗa. Me zan ce masa, Malama? Ke ki gaya mini.”

“Da ka ce masa kana so na.”

“Na faɗa. Ya ce ya sani, shi ya sa ya zo.”

Ta daɗe tana kallon sandar. Tausayin Baba da haushinsa suka haɗu a ranta, ta rasa wanne ya fi. Yaya ya faɗo mata a rai, yadda yake ɗaga mata hannu in zai fita, kula tana lilo a ƙugiya.

“To ai ga shi na sani,” ta ce. “Abin da yake gudu ya faru. Ni zan riƙe, kai ka riƙe. Har mu mutu Umma ba za ta ji ba. Zan je in same shi.”

Wani ɗan haske ya dawo idon Injiniya, irin na wanda bai yarda ba amma yana so ya yarda.

“Kina ganin zai amince?”

“Ubana ne.”

Ta naɗe sandar a tsumma ta sa a jaka. A bakin ƙofa ta waiwayo. Yana tsaye a inda ta bar shi, ya ɗaga mata hannu kaɗan.

*

Rana ta karkata lokacin da ta isa gida. Ta wuce kai tsaye ɗakin Baba. Agogo sun fi ashirin a bango, kowanne da lokacin da yake nunawa. Yana zaune gaban tebur da buɗaɗɗen agogon hannu, amma ba aiki yake ba. Ta durƙusa, ta warware tsumman, ta ajiye a gabansa.

Ya kalli sandar, ya kalle ta. A take fuskarsa ta zube, ya koma tsoho tukuf.

“Ya faɗa miki.”

“Bai faɗa ba, Baba. Ni na gane aikin hannunka.”

Hawaye suka gangaro cikin furfurar gemunsa. Auta ba ta taɓa ganin kukan mahaifinta ba, ko ranar da aka kawo Yaya. Ta ji kamar ta tashi ta gudu.

“Baba, ƙaddara ce. Ba ka yi don ka cutar da shi ba. Na rantse maka ba zan faɗa ba, shi ma ba zai faɗa ba. Ka bar mu mu yi aurenmu. Ban taɓa roƙonka komai ba.”

Ya buɗe baki zai yi magana, sai muryar Umma ta taso daga falo.

“Auta, ke ce kika dawo? Zo, ki taho da babanki.”

Baba ya yi wuf ya tura sandar cikin aljihun tebur, ya goge fuska da hannun riga.

Umma na zaune a kan kujera ta yi wanka ta sauya kaya, karon farko tun ranar da ta faɗi. Gwaggo na gefe ta kumbura fuska, da alama an riga an yi da ita. Auta ta zauna a ƙasa. Baba ya tsaya a bakin ƙofa.

“Malam, ban taɓa ja da maganarka ba,” in ji Umma. “Yau zan ja. Na rasa ɗaya, ba zan zauna ina kallon ɗayar tana bushewa a tsaye ba. Yaron nan shi take so, shi za ta aura.”

Auta ta kama ƙafar Umma ta riƙe.

“Kuma na yi tunani,” Umma ta ci gaba tana shafa kanta. “Ba banza Allah ya kai babur ɗin nan hannunsa ba. Shekara shida babu wanda ya gaya mini yadda ɗana ya mutu. An ce mota ce, shi ke nan. Yaron da ba ya gudu, yaron da ko kaza ya gani sai ya tsaya, yaya aka yi ya kasa tsayawa? Kullum da wannan tambayar nake kwana. Shi bakanike ne, ya kwance babur ɗin ƙusa bayan ƙusa, ya san abin da ya tarar. Auta ta taɓa ce mini ba ya zubar da komai. Gobe za ki raka ni garejin. Zan sa shi ya rantse, ya dube ni ya faɗa mini. In bai faɗa gobe ba, ai ya zama ɗana, muna tare. Zan yi ta tambaya har ya faɗa.”

Hannun Auta ya saki ƙafar a hankali.

Ta san Injiniya. Mutumin da ko farashin noti bai iya ƙarawa ba, in ya yi ƙarya kunnuwansa ma sai sun tona shi. Zai iya yin shiru kwana ɗaya, ko wata ɗaya. Ba zai iya rantsuwa a kan ƙarya a gaban uwar da ke kuka ba. Ta kuma san Umma, ta san ƙwayoyin da ke cikin kwalba a gefen gadonta, da abin da likita ya ce ranar da ta faɗi.

Ta ɗaga kai ta dubi Baba. Magana ɗaya ce tak a bakinsa za ta kwance ta. Ya ce ni ne, ya ɗauki kayansa da kansa, kome zai faru ya faru a tsakaninsa da matarsa. Ta zuba masa ido tana roƙonsa ba da baki ba. Ya gane sarai. Ya dube ta, ya dubi Umma, sannan ya mayar da idonsa kan tabarma.

Ta jira. Bai ɗago ba.

“Kin yi shiru,” in ji Umma. “Ko murna ce?”

“Umma, ba sai mun je ba.” Ita kanta ba ta gane muryarta ba. “Daga can nake. Mun rabu.”

“Kun rabu kamar yaya?”

“Na duba na ga ba zan iya ba. Duk sanda na gan shi, Yaya zan riƙa gani. Na ce masa ya fasa babur ɗin, ya zubar da komai, kada ya sake nemana.”

Gwaggo ta saki ajiyar zuciya ta ce to, yanzu kika yi hankali, bari ta je ta kira ƙawarta. Umma ba ta ko kalle ta ba. Ta sa hannu ta ɗago haɓar 'yarta.

“Dube ni. Ni na haife ki. Kwana huɗu kina kuka a kansa. Ki dubi idona ki ce ba kya son yaron nan.”

Auta ta dubi idon mahaifiyarta. A bayanta tana jin numfashin Baba, yana nan tsaye, bai motsa ba.

“Ba na son shi, Umma,” ta ce.